Cutar da ke tashi daga garke ta shiga gida

 Gaisuwa ga iyayenmu da ke ruga da mashekari, da yayyenmu da ke kan burtali rediyo na rataye a kafaɗa. Gaisuwa ga dillalan kara da mahauta, da direbobin da ke lodin bisashe daga Magarya zuwa Maigatari, daga Matamaye zuwa Mai'aduwa, daga Ƙonni zuwa Illela. Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya.

Yau maganarmu a kan cututtukan da dabba ke sa wa mutum ne. Ku yi mini haƙuri iyayena, na san kun fi ni sanin saniya nesa ba kusa ba. Abin da na kawo muku shi ne abin da likitocin mutane da na dabbobi suka tabbatar a kan wasu ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Hukumar kula da lafiyar dabbobi ta duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na ƙwayoyin cutar da ke kama ɗan Adam, asalinsu daga dabbobi ne. Ba za mu iya bin su duka ba. Uku za mu ɗauka, waɗanda kun san sunansu tun kafin a haife ni: bakkale, tarin fuka na shanu, da cutar saifa. Hanyoyin da suke bi su shiga jikinmu sanannu ne, wato ƙwaryar nono, da hannun da ya taɓa haihuwa, da wuƙar yanka. Duk ana iya toshe su da abin da bai kai kuɗin ɗan akuya ba.

Bakkale

Kowane makiyayi ya san saniyar da ke zubar da ciki bayan ya tsufa, wajen wata shida ko bakwai, mabiyiya kuma ta ƙi faɗowa. Ya san wadda gwiwarta ke kumbura ta tara ruwa, da bijimin da marainansa suka kumbura ya daina barbara. Sau da yawa wannan bakkale ne, likitoci na ce masa burusela. Yana kama shanu da awaki da tumaki da raƙuma.

Ga inda matsalar take. Yawanci saniya sau ɗaya take ɓarin, a ciki na gaba sai ta haihu lafiya lau, mai ita ya ce ta warke. Alhali ƙwayar na nan a jikinta, tana fita cikin nono, tana fita cikin ruwan haihuwa duk lokacin da ta haihu. Allurar da ake saye a kasuwa ba ta raba ta da ita.

Mutum na ɗauka idan ya sha madarar da ba a tafasa ba, ko ya sa hannu tsirara ya jawo maraƙi, ya ɗauki ɓari ko mabiyiya, musamman in akwai ƙujewa ko kaushi a hannun. Bayan makonni sai zazzaɓi ya fara, yau ya zo gobe ya tafi. Gumi da dare har ya jiƙa shimfiɗa, ciwon baya, ciwon gaɓoɓi, kasala, rama. Namiji na iya samun kumburin maraina, mace mai ciki na iya yin ɓari. Sai a ce cizon sauro ne, a sha magani, ba sauƙi. A ce taifot ne, a yi ƙarin ruwa, ba sauƙi. Daga nan a fara zancen sammu ko iska, a sayar da tunkiya a kai wa mai magani. Mutum na iya yin watanni, har shekara, a wannan hali, ba ya iya bin garke, ba ya iya zuwa kasuwa.

Akwai tarihin da ya kamata mu ji. A tsibirin Malta, cikin tekun Bahar Rum, wannan zazzaɓi ya daɗe yana kwantar da sojojin Ingila. A 1887 wani likitan soja mai suna David Bruce ya gano ƙwayar, daga sunansa ma aka samo sunan cutar. A 1905 wani likita ɗan tsibirin, Zammit, ya gano cewa tana cikin nonon awakin da ake tatsa a ƙofar gida, awakin kuwa ga su lafiya ƙalau a ido. Da aka hana sojoji shan ɗanyen nonon akuya, cutar ta yi ƙasa warwas a barikinsu. Tun ba a samo maganinta ba aka ci ƙarfinta, ta hanyar gyara abin da ke shiga baki.

To mu ba mu ce a bar nono ba, wa zai raba Bafulatani da nono, ko ya raba mu da fura? Cewa muka yi a ɗora madara a wuta har ta taso, a motsa, a bar ta ta ɗan ƙara minti ɗaya ko biyu, a sauke a rufe. In ta huce a sa mata irin tsami daga nonon da shi ma an tafasa. Innoninmu masu kindirmo sun san wannan aiki tun da daɗewa. Abin kiyayewa shi ne kada a zuba ɗanya a kan dafaffiya don a cika ƙwarya, kuma a wanke ƙwarya da ludayi a shanya su a rana.

Na san wani zai ce ai tsami na kashe komai. Tsami na rage wasu ƙwayoyin, amma ba a dogara da shi a kan bakkale da tarin fuka. Man shanu da ɗanyen cuku da aka yi da madarar da ba ta ga wuta ba, su ma suna iya ɗauke da ita. Ƙungiyoyin mata masu sarrafa nono da ke da ma'aunin zafi, ku riƙe wannan: digiri 63 na tsawon minti 30 ya isa. Nonon raƙumi da ake sha ɗanye don neman lafiya, shi ma a tafasa shi, domin raƙuma na ɗaukar bakkale kamar yadda saniya ke ɗauka.

Sai batun hannu. Wanda zai taimaki dabba wajen haihuwa ya sa safar hannu ta roba. In babu, ya sa hannunsa cikin leda biyu marasa huji ya ɗaure a wuyan hannu. In ya gama ya wanke da sabulu har gwiwar hannu kafin ya taɓa abinci, goro ko fuskarsa. Ɓari da mabiyiya a haƙa rami a binne, kada a jefa wa kare, domin zai ja su ya bi da su cikin garke da bakin rijiya. Dabbar da ta yi ɓari a ware ta har ƙazantar ta daina fita. Mace mai ciki da ƙananan yara su nisanci wannan aiki gaba ɗaya. Akwai allurar rigakafi da ake yi wa 'yan maruƙa mata tun suna ƙanana, amma likitan dabbobi ne kaɗai ke yin ta, saboda in ta soki mutum tana iya sa masa ciwon.

Tarin fuka na shanu

Tarin fuka da muka sani, wanda ake ce wa tibi, yana da ɗan'uwa a jikin shanu. Saniya na iya ɗauke da shi shekara da shekaru tana kiwo tana ba da nono. Sai can daga baya ta fara ramewa ko da ciyawa ta wadata, tana busasshen tari. Mahauta ne suka fi ganinsa. In an fasa ƙirji sai a tarar da ƙulle-ƙulle a huhu, a jikin haƙarƙari ko a hanta, in an yanka su cikinsu kamar cuku, wani lokaci da tsakuwa-tsakuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutum 147,000 suka kamu da tarin fukan da ya fito daga dabbobi, 12,500 suka rasu, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan masu kamuwa. Babbar hanyarsa ɗanyen nono. Sai kuma numfashi, ga wanda ke kwana ɗaki ɗaya da maruƙa lokacin sanyi, ko mahaucin da ke aiki kan huhu mai cuta.

A jikin mutum ba kullum yake zuwa da tari ba. Yaro na iya fitar da kaluluwa a wuya wadda ba ta zafi, ta daɗe, ta fashe ta ƙi warkewa. Yana iya kama ciki ko ƙashin baya. Duk wanda ya yi tari fiye da mako biyu, ko yana ramewa da gumin dare, ko yaro mai irin wannan kaluluwa, a kai shi asibiti a yi awo. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, a Nijar da Najeriya duka. Ana shan shi aƙalla wata shida ba fashi. Irin na shanu ba ya jin ɗaya daga cikin magunguna huɗun da ake farawa da su, shi ya sa yake da kyau likita ya san cewa kai makiyayi ne. Yayana mai tafiya kiwo, in lokacin tashi ya zo kana kan magani, ka gaya wa ma'aikacin asibiti inda ka nufa, ya ba ka takarda ka ci gaba da karɓa a can. Yanke magani a tsakiya shi ke sa ciwon ya dawo da taurin kai.

Ku kuma iyayenmu mahauta, huhun da aka ga ƙulli a jikinsa ba a yanke wurin a sayar da saura. A kira malamin duba nama na mayanka ya yanke hukunci. Sarkin fawa, wannan amana a wuyanka take.

Cutar saifa

Wannan ita ce mai gaggawa. A takardun Faransanci sharbon ake rubutawa, a na Ingilishi antiraks. Saniya ta kwana lafiya, da safe a tarar da ita a mace, ko ta faɗi tana rawar jiki tana numfashi da ƙyar. Baƙin jini wanda ba ya daskarewa na fita ta hanci, ta baki, ta dubura. Ciki ya kumbura da wuri, gawar kuma ba ta sandarewa sosai. Waɗanda suka taɓa feɗe irinta sun ga saifa ta kumbura ta yi baƙi, daga nan sunan ya fito.

Abin da ya sa ake tsoronta shi ne, da zarar jinin ya sha iska, ƙwayar sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta kwanta cikin ƙasa. A haka tana iya yin shekaru gommai, rana ba ta kashe ta, fari ba ya kashe ta. Ranar da dabba ta ci ciyawa har ƙasa a ƙarshen rani, ko ruwan farko ya tono ta ya tara a fadama, sai ta farka. Shi ya sa tsofaffi ke cewa akwai makiyayar da ba a sauka, kowace shekara sai ta ci dabba. Sau da yawa wani ne ya taɓa feɗe mushe a wurin. In kuwa ba a buɗe gawar ba, yawancin ƙwayoyin na mutuwa a ciki yayin da take ruɓewa.

A nan ne zan roƙi ku saurare ni da kyau. Mun san abin da ake yi in dabba ta faɗi: a yi maza a kawo wuƙa kafin rai ya fita, kada ta zama mushe. A raba naman a ruga, ko a kira mahauci ya saya da araha, a cire ƙirgi a shanya. Ba wanda ke yin haka don mugunta, gudun asara ne, kuma asarar saniya ba ƙaramin abu ba ce. Amma wuƙa halatta nama take yi, ba ta kashe ƙwayar cuta. Wanda ya feɗe, da wanda ya ɗauki naman a ka, da matar da ta wanke kayan ciki, duk sun taɓa ta kafin tukunya ta hau wuta. Kilishi, banda da shanya ba sa kashe mai ɓawon nan. Ƙirgin ma na ɗauke da ita har wurin majema da masu ganda. An je neman ƙiba an samo rama ke nan.

A jikin mutum ta fi fitowa a fata: hannu, wuya ko fuska. Cikin mako guda sai ƙurji ya fito kamar cizon ƙwaro, yana ƙaiƙayi, ya yi ruwa, ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi, gefensa ya kumbura. Ba ya cika zafi, shi ya sa ake raina shi. In ba a yi magani ba yana iya kashe mutum 1 cikin 5, in kuwa an je asibiti da wuri kusan kowa na warkewa. Kada a matse shi, kada a tsaga. Wanda ya ci naman kuma yana iya samun amai, ciwon ciki mai tsanani, gudawa da jini, ko kumburin wuya. Wannan ba a kwana da shi a gida.

In dabba ta mutu farat ɗaya, ga abin yi. Kada a feɗe, kada a ja ta a ƙasa. A rufe ta da ƙaya saboda karnuka da ungulu, a janye sauran garke daga wurin, a aika wa likitan dabbobi ko ma'aikacin kiwo mafi kusa, a sanar da Arɗo ko mai gari. A ƙone ta ƙurmus a inda ta faɗi, ko a binne ta a rami mai zurfin mita 2, wato ya fi tsayin mutum, nesa da rijiya da tabki, tare da ƙasar da jinin ya zuba a kai.

Rigakafinta kuwa akwai, allura ce sau ɗaya a shekara, an fi so a yi ta kafin damina. Ana yin alluran rigakafin dabbobi a yankinmu: a cibiyar Vom kusa da Jos, a LABOCEL da ke Yamai, da LANAVET da ke Garwa a Kamaru. Abu ɗaya za a kiyaye: kada a haɗa ta lokaci ɗaya da allurar kashe ƙwayoyin cuta, irin mai ruwan ɗorawa da ake saye a kasuwa, domin tana kashe ƙarfin rigakafin. A tambayi likita kwana nawa za a bari tsakani.

Kasuwa da iyaka

Yayyena 'yan kasuwa, kada ku ce wannan matsalar ruga ce. A tsakiyar 2023 cutar saifa ta ɓulla a Binduri, kusa da Bawku a arewacin Gana, ta kashe dabbobi, har an rasa ran mutum. Hukuma ta hana jigila, yanka da sayar da dabbobi a yankin na tsawon wata guda, ana gab da Babbar Salla. Ku lissafa abin da mai raguna ya rasa a wannan wata. A watan Yulin shekarar aka tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja, a Jihar Neja ta Najeriya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Dabba ɗaya da aka ɓoye ciwonta tana iya sa a rufe kara gaba ɗaya, mai laifi da marar laifi kowa ya zauna.

Saboda haka in za ka sayi saniya ta kiwo, ka tambayi tarihinta: ta taɓa ɓari? Me ya sa ake sayar da ita? Ka duba gwiwa, ka duba maraina in bijimi ne. Dillali, ka faɗi gaskiya, la'adar da aka ci a kan ɓoye aibi ba ta albarka. Sabuwar dabba a ware ta kamar wata guda kafin ta shiga garke. Malamanmu ma suna karantar da cewa addini ya hana a haɗa marar lafiya da masu lafiya a mashaya. In dabba ta mutu a cikin mota, direba kada ka jefar da ita a bakin hanya, kada ka sayar wa mai tsire a tasha. Ka kai rahoto wurin ma'aikatan dabbobi na kan iyaka, a wanke motar kafin a sake lodi. Ƙirgin da ba ka san yadda dabbarsa ta mutu ba, bar shi komai arhar sa.

Takardar rigakafi kuma ba don jami'in kan iyaka kaɗai ake yin ta ba. Tun 1998 ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da takardar ƙetare iyaka ta makiyaya, wadda ke nuna yawan garke, alluran da aka yi masa da hanyar da zai bi. Wanda ya sayi hatimi ba a yi wa dabbobinsa allura ba, ya wuce shinge, amma garkensa na nan a buɗe ga cuta.

In an je asibiti

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi sauƙi. In ka je asibiti da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, kada ka tsaya ga cewa jikina ke zafi. Ka ce wa likita: ni makiyayi ne, ko mahauci ne, ina shan ɗanyen nono, saniyata ta yi ɓari wata biyu da suka wuce, ko na feɗe dabbar da ta faɗi. Wannan bayani shi zai sa ya yi tunanin awon da ya dace. Maganin bakkale iri biyu ake haɗawa, a sha mako shida cur. Wanda ya ji sauƙi a mako na biyu ya ajiye, ciwon zai dawo. Kada kuma mutum ya sha maganin dabbobi, ko ya sayi ƙwaya a tire ya ce ya yi wa kansa magani. In mutum ɗaya ya kamu a gida, sauran da suka sha daga ƙwarya ɗaya su ma a duba su.

Iyayena mata, tafasa madara a hannunku take. Matasa masu karɓar haihuwar dabba, leda da sabulu su zauna cikin jakarku kamar yadda tocila ke zama. Iyayena maza, ranar da saniya ta faɗi farat ɗaya, ku ne za ku ce a mayar da wuƙa kube. Wanda aka karanta masa wannan takarda, ya kai labarin ruga ta gaba da rumfar kasuwa.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko mana ta hanyar da aka saba, za mu kai ta gaban likitan dabbobi mu kawo muku amsa a shiri na gaba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya albarkaci garke, ya sa a sauka lafiya. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.